Dokar Hana Kiran Jama'a

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo, muna ji!

Marigayi maigidana ne ya ba ni ita. Lokacin da Kura take sarauta, in ta kira jama'a, wanda ya fara zuwa shi ne kalacinta. Da dabbobi suka kore ta, sai suka kafa doka: babu mai ƙara kiran jama'a, ko da sarki ne. Suka naɗa Raƙumin Dawa sarki.

Ran nan sarki ya hango gobara. Ya yi shiru, ya zura da gudu.

Biri ya zo yana fifita ƙonannen gindinsa. "Ranka ya daɗe, duk tsawon nan naka ba ka gani ba?"

"Na gani mana. Dokarku ce ta rufe mini baki."

"To, a taru a gyara ta!"

"Madalla," in ji sarki. "Wa zai kira taron?"

Ƙurunƙus, har kan ɓeran ma ya babbake!