Hanyar Malam Jatau

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan tukuna. Ga wata na kawo muku, kuma ba mai tashi sai ya faɗi ra'ayinsa.

A wani birni an yi wani tsoho makaho, Malam Jatau, wanda bai taɓa neman ɗan jagora ba. Unguwarsu a hancinsa da kunnensa take. In ya ji ƙamshin ƙosai ya san ya kai kwana, in ya ji gudumar maƙeri sai ya yi dama, in inuwa ta sauka a kafaɗarsa to ƙofar masallaci ke nan.

Da mutane suka yi yawa sai aka rushe unguwar aka ta da benaye, shaguna a ƙasa, gidaje a sama. Gaskiya ba a cuci kowa ba, kowa ya samu ɗaki. Amma ko'ina siminti, kowace kwana kamar 'yar uwarta. Malam ya fita ya ɓata, sai wani ɗan acaɓa ne ya dawo da shi. Tun ranar ya kwanta ya juya fuska bango, kunu ma da ƙyar yake kurɓa. In an matsa masa sai ya ce, "Ku ƙyale ni, a barci nake samun hanyata." Wallahi abin tausayi, mutum yana ƙarewa 'ya'yansa uku suna kallo.

Babbarsu, Lantana, tana cikin masu zanen unguwar. A tsakiyar benayen akwai filin da aka ware wa motoci. Ta yi ta fama da manyanta, har aikinta ya kusa tafiya, sai da aka mai da filin hanyar ƙafa mai lanƙwasa irin ta da, daga ƙofarsu har masallaci. Ko keke ba ya shiga.

Na biyu, Nomau, mai lambu ne a bakin rafi. Ya tumɓuke itatuwansa da saiwarsu, ya bar lambunsa fayau, ya dasa su a hanyar: lalle a ƙofar gida, sai lemun tsami, sai gwaiba, darbejiya a ƙarshe. Ya jawo ruwan alwala daga masallaci yana bin gindinsu, ruwan na wani ɗan kuka a hankali.

Autan kuwa, Cindo, ba abin da ya iya sai surutu, irin waninku da nake kallo. Shi ya bi masu sana'ar da suka watse, yana lallashi, yana zolaya, har ya dawo da mai ƙosai kwanarta, tela kusa da ita. Maƙerin ya yi taurin kai, sai da Cindo ya zauna yana yi masa zuga har hannunsa ya kumbura kafin maƙerin ya kwaso kayansa.

Wata safiya furen lalle ya buɗe, ƙamshi ya shiga ta taga, guduma ta amsa daga nesa. Malam ya tashi zaune ya ce a ba shi takalminsa. Ya sauko shi kaɗai, 'ya'yan na biye ba mai ko tari. Yana tafe yana murmushi kamar mai yawo cikin mafarki, ganye na shafar hularsa, yana gaida mutane da sunansu. Da sanyin darbejiya ya sauka masa sai ya zauna ya jingina.

Ya ce, "Na san kuna bayana. Duk kun yi, amma ɗaya a cikinku ne ya mayar mini da idona. Allah ya yi masa albarka duniya da lahira. Bari in huta in faɗa muku."

Ya lumshe ido, iska na kaɗa ganye, bai ƙara farkawa ba.

To, ku da kuka fi kowa baki, a cikin ukun nan albarkar ta wace ce ko ta wane ne?