Tulun Garwashin Maman Tabita

Akwai wani mutum manomi, mai kirki ne ƙwarai, sai dai yana da hali guda: ba ya son ƙaramar wuta. In zai ɗumama kunu, sai ya hura wutar da za ta iya gasa bijimi.

Matarsa kuwa ba haka take ba. Takan jiƙa wake kafin ta ɗora, ta rufe tukunya da murfi, ta kare murhu daga iska da wani tsohon kwanon rufi. In ta sauke tuwo, sai ta janye itacen da bai cinye ba, ta kwashe garwashi ta zuba cikin wani tsohon tulu, ta rufe bakinsa har wutar ta mutu.

Maigidan yakan tsaya yana kallo, ya ce, "Maman Tabita, yau ma jana'izar wuta ake yi? In kira fasto ya yi mata addu'a?"

Ita kuma ta ce, "Yi ta dariyarka, Maigida. Tuwonka dai bai taɓa zuwa ɗanye ba."

A tsakar gidan akwai mangwaro. Ita ta dasa shi da hannunta shekarar da aka kawo ta gidan. Shi kaɗai ne babban itacen da ya rage a unguwar, gama mutane sun sare na daji har ba inda tsuntsu zai sauka.

Ana nan sai 'yarsu Tabita ta haihu a wani gari mai nisa, damina kuma ta kankama. Uwar ta ɗaure kayanta za ta je ta kula da mai jego. A bakin ƙofa ta nuna masa tarin itace, ta ce, "Wannan zai kai ka kaka, in ka bi shi a hankali."

Ya ce, "Je ki abinki. Ki gaida jikana."

Tana ba da baya, ya shiga mulkinsa. Ya dafa wake ba jiƙo, tukunya baki buɗe, iska tana kora wutar gefe, shi kuma yana ta ƙara itace. In ya ƙoshi sai ya bar murhu yana ci, ya tafi gona. Kafin gero ya fid da kai, inda tarin itacen yake ya zama filin da kaji ke birgima.

Rafi ya cika, masu sayar da itace ba su iya hayewa. Kunya kuma ta hana shi roƙon matan maƙwabta, domin duk sun sha jin yana yi wa matarsa tsiya. Ya wuni yana jiƙa garin rogo, cikinsa yana ƙugi. Sai idonsa ya faɗa a kan mangwaron.

Ya ce a ransa, "In na sare shi na faskara, zai bushe a zaure. In ta dawo, in ce iska ce."

Ya ɗauko gatari. Ya ɗaga, ya kai wa itacen sara guda. Ashe 'yar sandar da ke riƙe bakin gatarin a ƙota, shi da kansa ya cire ta kwanan baya ya hura wuta da ita. Sai bakin gatarin ya fita fit, ya tsallake zana, ya faɗa cikin tsohuwar bukka a bayan rumbu, inda shi bai taɓa leƙawa ba.

Ya bi shi yana gunaguni. Da ya sunkuya ya shiga, sai ga buhuna jingine, cike da gawayi. A gefe kuma ga guntayen itace masu baƙin kai, an jera su ɗaure ɗaure. Duk wutar da ya yi shekaru yana yi wa ba'a, a nan take kwance tana jiransa.

Ya zauna a ƙasa, ya sauke numfashi, ya ce, "Na gode, Ubangiji. Ashe matattun nan tashi za su yi!"

Amma ya ga in ya bi buhunan da tsohon halinsa, zai sake komawa ga gatari. Saboda haka ya jiƙa wake, ya nemo murfin tukunya, ya jingina kwanon rufi wajen iska. Da ya gama, ya waiga hagu da dama, ya ga ba mai kallo, sa'an nan ya kwashe garwashi ya zuba a tulu.

Da kaka matar ta dawo. Ta tsaya a gindin mangwaronta, ta shafa tabon da ke jikinsa.

Ta ce, "Maigida, wace irin iska ce mai haƙori haka?"

Ya sosa ƙeya, ya ce, "Ta wuce, Maman Tabita. Ba za ta sake zuwa ba. Zauna, wake ya nuna."

Ta leƙa tulu, ta ji shi da ɗumi. Sai ta ce, "To, wa ya yi addu'ar jana'izar?"

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: tarin itacen nan shi ne abin da Allah ya ba mu amana, wato itace da ruwa da wutar lantarki da gas. Yakan isa, in ba mu yi ɓarna ba. Mangwaron shi ne rabon 'ya'yanmu da jikokinmu. Tulun kuwa shi ne ƙananan halayen da muke rainawa: rufe tukunya, kashe ƙwan lantarki da rana, kashe fanka in ba kowa a ɗaki, rufe famfo sosai. Mai ɓarna ba ya tashi da niyyar sare inuwar gidansa, a hankali yake isa can.

Wannan mutum Allah ya yi masa jinƙai, ya tsaya a sara guda. Kada mu zauna muna jiran namu gatarin ya kwance. Yau in kun koma gida, wanda ya tarar da mai tulu a gidansa, ya bar dariya, ya miƙa mata murfi.