Injiniya da Mama Mai Raga

Akwai wani injiniya da surukinsa ya ba shi aikin gyara injin tace man girki a ƙaramar masana'antarsa. Ragar da ke cikin matatar ce ta mutu, sai ya nufi shagon da ake sayar da ragar ƙarfe marar tsatsa.

Wata dattijuwa ya tarar a shagon, wadda kowa ke kira Mama Mai Raga. Ya leƙa bayanta ya ce, "Ina mai shagon?"

"Ga ni, ɗana. Me za ka tace?"

"Ke dai yanko min mita biyu na waccan."

Mama ta sauko da naɗi uku ta shimfiɗa a kan tebur. "Wadda ka nuna, waya ɗaya ce ke hawa ɗaya ta nutse a ƙarƙashin ɗaya. Ta tankaɗe ce. Wannan kuma bibbiyu take tsallakawa, shi ya sa ka ga layinta a karkace. Amma in famfo ne zai turo mai da ƙarfi, ta ukun nan za ka ɗauka. Wayoyin tsaye masu kauri ne, na kwance sirara, an matse su gam."

Injiniya ya ɗaga ta ukun ya duba ta a haske. "Wannan da ko ƙofa babu? Mama, shekara biyar na yi ina karanta wannan aikin."

Ba ta ja da shi ba. Ta sa almakashi ta yanka masa wadda yake so.

Kwana biyu da ɗaurawa, ragar ta buɗe a tsakiya. Diddiga ta bi mai ta shiga durom shida, ga motar masu saye za ta zo jibi. Surukinsa bai yi masa faɗa ba, ya dai tsaya yana kallon man.

Da safe ya koma shagon, yagaggiyar ragar a hannu, ya kasa haɗa ido da dattijuwar.

"Zauna, ɗana," in ji Mama. Ta shafa inda ragar ta yage, ta tambaye shi ƙarfin famfon. Sannan ta ɗora ta ukun a bakin kofi ta zuba ruwa. Ruwan ya ratsa a hankali.

"Ƙofofinta a kaikaice suke. Ido ba ya ganinsu, amma mai zai wuce."

Ya saye ta ya je ya ɗaura, aka sake tace durom shidan, man ya fito garau. Da surukinsa ya fara yaba masa a gaban ma'aikata, sai injiniya ya girgiza kai.

"Baba, ba dabarata ba ce. Wata uwa ce ta gaya min tun ranar farko, na ƙi ji."

Darasi: Kada takardar da ke hannunka ta toshe maka kunne. Wanda ya daɗe yana taɓa abu da hannunsa, ka saurare shi kafin ka yanke hukunci. Ku tura wa 'yan uwa da abokan aiki, wataƙila wani na gab da yin irin wannan kuskuren.