Harshen Ɗan Indiya

Ya 'yan uwa, na baya su matso, a kasa kunne.

An yi wani mutum a nan garinmu na Gombe, haifaffen unguwar Madaki. Ba zan kama sunansa ba, don yana da 'ya'ya. Ɗan Indiya dai ake ce masa, saboda a can ya yi shekara biyar yana karatun haɗa magunguna. Ranar da ya dawo, har tasha 'yan unguwa suka je tarbarsa. Ubansa tela ne, bai taɓa wuce Bauchi ba, ga ɗansa ya ƙetare teku ya dawo da ilimi. Wa zai ƙi yin alfahari?

Ya buɗe kemis a bakin layinsu. Mace za ta zo da jinjiri jiki zafi rau, sai ya ce, "Wannan ya fi ƙarfina, maza asibiti," ya tsayar mata da keke da kansa. Da haka ya shiga ran mutane, suka ce sai ya tsaya kansila. Daga kansila sai majalisar jiha. A faɗi gaskiya, ya yi aiki. Wasunku har yau daga burtsatsen da ya haƙa suke shan ruwa.

Amma Allah ya ba shi baki, shi kuwa bai sa masa linzami ba. Masu keke suka koka da hanya, ya ce a rediyo ƙudaje ne, inda ba a share ba nan suke sauka. Aka yi dariya. Malamai mata suka je da kukan rufin aji, ya ce majalisa ba madafa ba ce, su koma su tuƙa tuwo. Aka sake dariya, aka yaɗa a wayoyi. Tun daga nan ya daina tambayar kansa ko magana gaskiya ce. Abin da yake dubawa kawai, za a tafa ko ba za a tafa ba.

Wata damina kwari ya ci gidaje a gefen Tumfure, inda 'yan uwanmu da rikici ya koro daga Borno suka yi gini. Lokacin shi ke riƙe da kwamitin zaizayar ƙasa, don haka shi suka rubuta wa. Da ɗan jarida ya tambaye shi, sai ya ce, "Wanda ya kasa tsare garinsa ya gudo, shi zai koya mana gyaran namu? Da ƙafa suka zo, kuma ƙafar ba ta karye ba."

Bayan kwana uku, da hantsi, ƙofar gidansa a unguwar Federal Low-Cost cike da 'yan siyasa, wata tsohuwa ta sauka daga keke. Sunanta Ya Bawa, tana cikin waɗanda kwarin ya cinye wa ɗaki. Ta ratsa mutane ta tsaya gabansa.

Ta ce, "Ɗana, ba roƙo ya kawo ni ba. Na ji ka a rediyo. Mijina bai gudu ba. A ƙofar gida ya tsaya don mu samu mu fita ta baya, a nan aka kashe shi. Ni na gudu, da 'ya'ya huɗu, kwana shida a ƙafa. Na zo Gombe, Bafulatani ya ba ni ɗaki, Batangaliya ta ba ni tukunya, ba wanda ya kira ni matsoraciya. Shekara goma ina ɗinkin hula, ban taɓa miƙa hannu ba. Ka koma inda ka faɗi maganar ka janye ta. Shi ke nan."

Maganar ta soke shi, zuciyarsa ta ce masa ya miƙe ya ba ta haƙuri. Sai ya dubi fuskokin magoya bayansa, duk sun zuba masa ido.

Ya ce, "Iya, ni ban taɓa tofar da miyau na dawo na lashe ba. A ba ta na keke."

Ta ce, "Na zo da nawa." Ta gyara mayafi ta juya.

Yayansa Sa'idu ya ja shi gefe ya ce, "Kai, bi matar nan tun ba ta yi nisa ba." Ɗan Indiya ya ce mutane mantuwa gare su, kafin zaɓe an wuce wurin.

Ba a wuce ba. Wani ya ɗauki abin a waya, kafin la'asar ya gama gari. Kuma ba 'yan Borno kaɗai suka fusata ba, mu ne, mutanen Gombe. Garin nan da karɓar baƙo aka san shi. Mun raba ɗaki da su, mun haɗa sahu, mun haɗa zuriya. Wa ya aike shi ya zage su da sunanmu? Masu keke suka ƙi liƙa hotonsa. Jam'iyya ta hana shi takara, ya sauya sheƙa, ya tsaya a wata. A rumfar zaɓen ƙofar gidan ubansa ma ƙasa ya sha. Ƙofar gidansa da ke cika ta koma wayam. Ko ɗaurin aure aka daina gayyatarsa, don ba mai son a gan shi tare da shi.

Shekara biyu yana zaune da wannan, sannan ya hau keke shi kaɗai zuwa Tumfure. Da tambaya ya gano gidan. Wata mata ta fito da hula da allura a hannu, Halima Sadiya, babbar 'yar tsohuwar. Ya ce ya zo neman gafarar mahaifiyarta.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka makara. Ta rasu bayan Babbar Sallah. Kullum aka kunna rediyo sai ta ce a yi shiru, ko yau za ka janye."

Ya durƙusa ya ce to ita ta yafe masa.

Ta ce, "Nawa na yafe. Nata da na babanmu ba a hannuna suke ba."

Ya 'yan uwa, abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, tuba na wanke shi. Amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe, kuma mai shi ba dawwama zai yi yana jiranka ba. Mutumin nan bai yi sata ba, bai sha giya ba. Kalma ce, sai girman kan da ya hana shi janye ta. In akwai wanda harshenka ya yanka, kada ka jira Juma'a mai zuwa.

Allah ya jiƙan Ya Bawa da mijinta. Allah ya kiyaye mu da sharrin harsunanmu, ya sa mu nemi gafara tun masu yafewa suna raye.