Sarkin Pawa da Kitsen Jini

An ce shekarar da mura mai toshe numfashi ta shiga wani gari, Sarkin Pawa Tanimu ya raka mahauta uku makabarta. Shi kuwa mai ciwon zuciya ne, likita ya ɗora shi kan ƙwayar rage kitsen jini. Rannan ya ji a rediyo cewa masu bincike sun auna majinyata, sun tarar waɗanda cutar ta fi kayarwa kitsen jininsu ya yi ƙasa.  Don tsoro ya ajiye ƙwayar, ya sa a soya masa kitse.

Sai wata tsohuwar ungulu da ke zama a mahauta ta sauko ta ce, "Ranka ya daɗe, kada ka yi irin ta Dagaci Barau."

Ya ce, "Me ya yi?"

Ta ce, "Wata shekara zazzaɓi ya sauka ƙauyensa. Ya lura duk gidan da aka yi rasuwa itacensu ya ƙare, sai ya ce rashin itace ke kisa, kowa ya jibge itace har cikin ɗakin kwana. Wata tsohuwa, Iya Tabawa, ta ce masa, 'Ɗan nan, saurari labarin makiyayi Jaɓɓo. Ya ga duk saniyar da ta mutu tozonta ya lotsa, sai ya yi ta ɗura wa lafiyayyun dusa har suka kumbura suka faɗi. Ciwo ne ya cinye tozon. Itacenka ma jinya ce ta cinye shi, ana dafa wa marar lafiya ruwa.' Barau ya ce tsufa ne. Kafin sati, garwashi ɗaya ya kama itacen, gobara ta tashi unguwa guda."

Tanimu ya ce, "To masu binciken ƙarya suka yi?"

"Abin da suka gani suka faɗa. Amma yaushe suka auna? Bayan mutum ya kwanta, ya daina ci. Ko cutar ce ta zuƙe kitsen, ko ƙarancinsa ya ba ta ƙofa, su ma ba su yanke ba. Zuciyarka kuwa an riga an auna ta."

Tari ya taso masa, ya dafe ƙirji har ya lafa.

Ya ce, "Tsoron dai yana nan. Amma na ji. Likita zan tambaya."

Ungulu ta ce, "Yi sauri, Sarki, tun kana iya zuwa da ƙafarka."