Faifan Da Ya Maƙale A Motar Sada

Jama'a, akwai wani bawan Allah mai suna Sada, ɗan Gusau, ma'aikaci a wani ofishi a unguwar Mohandessin da ke birnin Alƙahira. Shi da matarsa Khairat da 'yarsu Afra suna haya a unguwar Madinat Nasr. Ba mugun mutum ba ne, sai dai kullum cikin sauri yake.

Da ciwon ƙoda ya matsa wa mahaifinsa, Malam Muhammadu, Sada ya ɗauko shi zuwa Alƙahira ana yi masa wankin ƙoda. Tsohon ya zo da wani faifan CD naɗe cikin hankici. A ciki akwai karatun Alƙur'ani na babban ɗansa Munzir, wanda aka ɗauka a wata musabaƙa shekara guda kafin hatsarin mota ya yi ajalinsa. Kwafin ke nan guda ɗaya a duniya.

A gidan babu abin da ke cin faifai, har kwamfutar Sada ba ta da wurinsa. Sai rediyon mota kaɗai.

Ranar farko da za su asibiti, Malam Muhammadu ya miƙa faifan da hannu biyu. "Sa mini yayanka in ji."

Rediyon ya haɗiye faifan, ya yi ƙur-ƙur, ya yi shiru. Sada ya danna wurin fitarwa, bai fito ba. Ya kashe motar ya sake tayarwa, ya bubbuga saman rediyon, ko motsi. Da haushi ya kama shi sai ya zura makulli yana zungura.

"A hankali, Sada," in ji tsohon.

"Ma'alish Baba, yi haƙuri, gobe zan kai a cire."

Goben ba ta zo ba. Yau taro a ofis, jibi cunkoso, gata ya gaji. Duk ranar asibiti Malam Muhammadu zai zauna a gaba ya zuba wa bakin rediyon ido, can ya ce, "Ba a samu mai gyaran ba ko?"

Wata rana da azahar suka maƙale a kan gada, rana ta take, ga maigidansa na ofis yana ta kira. Tsohon ya sake tambaya. Sada ya daki sitiyari.

"Haba Baba! Ina fama da aiki, ina fama da asibiti, kai kuma faifai! Yaya Munzir ya rasu, khalas, shi ke nan. Mu da muke raye a tausaya mana mana!"

Malam Muhammadu ya juya fuskarsa wajen taga. "Gaskiya ne. Allah Ya yi maka albarka."

Daga ranar bai ƙara maganar ba. Sada ya ɗauka ya manta.

Bayan wasu makonni jikin tsohon ya rikice, aka kwantar da shi. Khairat ce ke jinya da rana. Da Sada ya sauke ta a ƙofar asibiti wata safiya, sai ta tsaya riƙe da ƙofar motar.

"Abban Afra, jiya Baba ya ce in tayar masa da farkon Suratu Maryam. Wai yana son tuna yadda Yaya Munzir ke jan ta, amma muryar ta ɓace masa a kunne. Kuka ya yi. Ya ce kada in faɗa maka, kana da aiki."

Sada bai je ofis ba. Ya wuce unguwar Faisal wajen Fadl, wani Bahaushen Sudan mai gyaran rediyon mota.

Fadl ya kwance rediyon ya buɗe shi. Robar da ke jan faifai ta tsinke, idon da ke karantawa kuma ƙura ta rufe shi. Ya canza robar, ya goge idon da auduga, ya zaro faifan ya ɗaga shi a haske.

"An zungure shi da ƙarfe, ɗan'uwa. Ga karce nan."

Sada ya sunkuyar da kai. "Zai yi?"

"Mu gwada."

Ya sa faifan a tsohuwar kwamfutarsa ya kwashe abin da ya kwasu zuwa filas, ɗan abin nan na ajiya da ake sokawa a kwamfuta. Ƙarshen karatun ya tafi, karcen ya cinye shi. Da aka soka filas ɗin, rediyon ya ƙi ganinsa. Fadl ya share shi, ya sake tsara shi yadda tsofaffin rediyo ke ganewa, ya mayar da karatun MP3, ya tura wa Sada kwafi a waya. Shayin da aka kawo musu bai ma huce ba muryar Munzir ta cika motar.

Sada ya kifa kai a sitiyari yana kuka.

Kafin ya ratsa cunkoson ya isa asibiti, Malam Muhammadu ya daina gane mutane. Numfashi kawai yake. Sada ya durƙusa, ya ɗora wayar a kan matashi kusa da kunnensa, ya kunna.

"Baba, ga Yaya Munzir. Na gyara, Baba. Ka yafe mini."

Tsohon bai buɗe ido ba. Sada ya tambayi likitar ko yana ji. Ta ce wasu suna ji, wasu ba sa ji, Allah kaɗai Ya sani.

Washegari bayan la'asar Malam Muhammadu ya cika. A Alƙahira aka binne shi. Duk wanda ya zo gaisuwa yana yaba wa Sada yadda ya kashe kuɗi ya yi ɗawainiya da mahaifinsa, shi kuwa sai ya kasa ɗaga kai. Da mutane suka watse ya dubi Khairat ya ce, "Ke kina kusa da fuskarsa. Kin ga alamar ya ji?"

Ta ce, "Wallahi ban sani ba, Abban Afra."

Darasi: Abin da kake gani ƙarami ne, a wurin iyayenka wataƙila shi ne kaɗai abin da ya rage musu. Idan sun roƙe ka, yi musu yau, kuma ka tausasa harshenka. Ka tura wa 'yan'uwanka wannan labari, sannan ka kira mahaifanka idan suna raye. Waɗanda suka rigaye mu Allah Ya jiƙansu.