Injin da Aka Gwada Babu Hatsi

Akwai wani manomi wanda ciwon baya ya raba shi da fartanya. Da ya ga yunwa tana leƙen gidansa, sai ya tattara tsofaffin ƙarafa ya haɗa injin niƙa da hannunsa. Ya sayar da bijiminsa, wanda shi kaɗai ya rage masa, ya sayo babban moto mai cin wuta wanda zai riƙa juya injin. Ya shafe shi da koren fenti, har masu wucewa suna tsayawa kallo.

Sai maganar inda wuta za ta fito. Yana da wani ɗan janareta da yake kunna ƙwai da rediyo. Ya ce a ransa, ai wuta wuta ce. Ya jona waya, ya tayar. Janareta ya yi tari, ya yi nishi, injin kuwa ya juya, gama babu ko ƙwaya a cikinsa. Mutumin ya yi murna ƙwarai.

Matarsa ta ce, "Maigida, jiya na ga ƙwan ɗaki ya dushe da ka tayar da shi. Ka nemi babban janareta, ko ka gwada injin da hatsi tukuna."

Ya ce, "Ke dai kin cika tsoro. Ba ga shi yana juyi ba?"

Ana nan, aka yi rasuwa a garin. Mata suka jiƙa gero domin kunun masu zuwa gaisuwa, suka kawo masa markaɗe. Ya zuba. Da nauyi ya hau injin, moto ya nemi wutar da janareta ba shi da ita. Ya tsaya cik yana gurnani. Maimakon ya kashe, kunyar idon mata ta sa mutumin ya ƙara murɗa janareta. Wari ya tashi, hayaƙi ya biyo baya, moto da janareta suka ƙone tare.

Matan suka ɗauki bokitansu suka koma ga turmi. Ya zauna a ƙasa, baƙin ciki ya rufe shi, domin babu bijimi, babu inji, bayan kuma ba ya noma.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin. Injin nan rayuwarka ce, hatsi kuwa wahalar duniya. Ƙaramin janareta shi ne wayonka da 'yar addu'ar da kake yi a gurguje ran Lahadi. Muddin lafiya lau ne, za su juya ka, har ka ɗauka kai mai bangaskiya ne. Amma ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Ka jona ranka ga ikon Ubangiji tun yau, gama ranar da za a zuba maka ciwo ko mutuwar ɗa, ba ranar neman wuta ba ce.